Minti Talatin da Biyar Zuwa Bakin Tafki

Litinin, 14 ga Oktoba, 6:40 na yamma, cikin bas

Na isa shida saura minti goma. Tana barci.

Sista Wiebke, mai kula da ɗakinta, ta ce da ƙarfe uku idonta biyu, har ta sha shayi ta yi musu tsiya a kan munin labulen ɗakin. Ƙarfe huɗu ake ba ta maganin, daga nan sai barci har gobe. Haka abin yake tun da aka mai da Gesine gidan bakin tafki, inda ake kai waɗanda asibiti ya gama iya ƙoƙarinsa a kansu, mako biyu da suka wuce. Daga bayan abincin rana zuwa ƙarfe huɗu matata ce, tana gane mutane, tana magana. Sauran lokacin ta maganin ce.

Ni kuwa ƙarfe biyu nake tashi daga kamfanin wanki. Bas zuwa tasha, jirgin ƙasa, jiran awa ɗaya da kwata a wata rumfa da ba ta tare iska, sannan wani bas ɗin da sai ya gaida kowane ƙauye. Awa huɗu ba kaɗan. A mota minti talatin da biyar ne. Na duba a waya sau uku, kamar zai canja.

Tsohuwar motarmu ta faɗi gwajin lafiya a watan Agusta, aka kai ta bola. Lokacin ban damu ba, asibitin a cikin gari yake, da ƙafa ma ina zuwa. Hutuna na shekara a can na cinye shi kaf. Da na ce zan ajiye aikin, Gesine ta ce in na zo na zauna ina kallonta kamar talabijin, za ta sa a hana ni shiga.

Yau na zauna rabin awa ina kallonta. Ba ta sani ba, balle ta sa a kore ni.

Dole in sayi mota. Ƙarama, wadda ba ta shan mai, wadda za ta tashi da asuba ba sai an roƙe ta ba.

Talata, 15 ga Oktoba, 9:15 na safe, hutun kofi

Darek, ɗan Poland da muke tsayawa a injin guga tare shekara tara, ya fizge wayata yana duba tallan motoci. Wai da wannan tsawon nawa ƙaramar mota sai dai in saka ta a ƙafa kamar takalmi. Ya ce in lura, a ƙasar nan duk motar da aka sa a kasuwa ta wata tsohuwa ce da ba ta zuwa ko'ina sai coci.

"Tsoho, da gaskiya ne, da cocin nan ba su zama fayau ba ran Lahadi."

Shi kansa keke yake hawa, amma ya fi kowa sanin mota.

Ya tambayi jikin Gesine. Na ce da sauƙi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, 6:45 na yamma

Tana barci. An kunna kyandir a zauren gidan. Suna kunna shi duk ranar da wani ɗaki ya zama babu kowa. Na ɗaki na huɗu ne, dattijon nan mai sauraron rediyo.

Asabar, 19 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Da safe na duba motoci biyu a wurin wani dillali. Ta farko an wanke injinta tas har yana ƙyalli. Wanda ya wanke inji kafin ya sayar, akwai abin da yake ɗiga. Ta biyun warin kare.

Na same ta a farke. An jingina ta da matasai uku, an taje mata gashin da ya rage. Ta ce, "Dogo, ka rame. Me kake ci?" Na ce shinkafa. Ta ce ƙarya ne, burodi nake ci a tsaye gaban firji, ta san ni.

Na ba ta labarin motar. Ta kafa sharuɗɗa: kada in sayi ja, kada in sayi wadda mai shan taba ya hau, kuma kada in yi ciniki irin na Malumfashi har in sa Bajamushe kuka. Shekara ashirin da biyu tana ba mutane labarin ranar da na taya firji rabin kuɗinsa a kanti.

Awa biyu da minti goma. Sai Sista ta shigo da ƙaramin kofin nan na magani.

Ƙanwata Lantana ta kira daga gida ina cikin jirgi. Na ce da sauƙi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, na ce amin.

Talata, 22 ga Oktoba, 7:00 na yamma

Yau ban je bakin tafki ba. Na je ganin mota.

Tun Lahadi Darek ya turo min tallan, amma ba a kiran mutum ran Lahadi a kan mota, don haka sai jiya. Mai ita ya ce in zo huɗu da rabi. Na isa huɗu da kwata, na tsaya a bakin shingen gidan har lokacin ya cika.

Sunansa Herr Brodersen. Ya kai saba'in da biyar, ma'aikacin awon filaye ne da ya yi ritaya. Ya sa taye don ya sayar da mota. A garejin akwai tasa, babba, tsohuwa, sai 'yar ƙaramar a gefe, ruwan toka, ƙofa huɗu, shekararta takwas. Ta matarsa ce, Marlies. Ya ce ta rasu a watan Maris, ya faɗa kamar yana gaya min girman injin.

Littafin gyara cike da hatimi, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ya fito da wani ɗan littafin daga akwatin gaba, inda take rubuta lita da kilomita duk shan mai. Lita huɗu da ɗigo takwas a kilomita ɗari. Rubutun ƙanana, a tsaye. Ya tsaya a Fabrairu.

Da muka shiga gwaji na tarar kujerar direba a manne da sitiyari. Marlies gajera ce. Na kai hannu ƙasa zan ja ƙarfen in matsar da kujerar baya, sai na ga idonsa a kan hannuna. Na fasa. Na tuƙa kilomita goma sha biyu gwiwoyina suna gaisawa da haɓata. Motar ba ta da laifi ko ɗaya. Giya laƙwas, birki na kamawa, ba ƙara.

A talla ya rubuta farashi ba ragi. Na ji ciniki yana yi min ƙaiƙayi a maƙogwaro, na haɗiye shi. Muka yi musabaha.

Na ce yaushe zan ɗauka. Ya ce ba zai ba ni mota da tayoyin bazara a ƙarshen Oktoba ba, Alhamis zai sa a saka na sanyi. Kuma Juma'a yana da wasu takardu da zai kammala. Asabar ƙarfe goma. Ya tambaya ko akwai gaggawa.

Na ce a'a, ba komai.

Ban san abin da ya sa na ce haka ba. Na sani. A gida an koya min ba a kai ƙarar ciwo wurin baƙo. A nan an koya min ba a ɗora wa mutum damuwar da bai nema ba. Tarbiyya biyu, duk bakinsu ɗaya.

Alhamis, 24 ga Oktoba, 6:40 na yamma

Barci. Saura kwana biyu. Daga Litinin, uku saura minti ashirin da biyar ina ɗakinta.

Asabar, 26 ga Oktoba, 12:10 na rana, tashar jirgi

Motar ba ta da lamba.

Ya wanke ta, ya share ciki, ya cika tanki, ya jera tayoyin bazara huɗu a leda, kowace da alamar gefenta. Takardar yarjejeniya kwafi biyu a kan teburin kicin, da kofi da kek. Muka sa hannu, na ba shi ambulan ɗin kuɗi, ya ba ni makulli. Muka fita gareji, sai na ga gaba fayau, baya fayau. Lambobin suna kan benci, an kankare hatiminsu.

Jiya ya je ofishin rajista ya soke rajistar. Waɗannan ne takardun Juma'a. Tun mako shida da suka wuce ya nemi rana a ofishin, ranar da ya yanke shawarar sayarwa. Ni kuwa duk lissafina a kan lambarta yake: in hau ta yadda take, in mai da ita sunana in an ba ni rana, kamar yadda rabin mutanen ƙasar nan suke yi. Ban faɗa masa ba, bai tambaye ni ba.

"Ba don ban yarda da kai ba, Herr Tukur," in ji shi. "Ba a miƙa mota da rajistar wani a kanta. Ko ɗana ne haka zan yi masa."

Na yarda. Wallahi na yarda, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da wulaƙanci ne, da na san inda zan ajiye shi, ina da wurin ajiyar irinsa tun shekara ashirin da shida. Wannan mutumin fuskarsa cike da jin daɗi, ya yi komai daidai.

Na duba waya a tsaye a garejinsa. Ranar farko da ofishin rajista ke da ita: Talata, 12 ga Nuwamba, goma da minti ashirin.

Ya ce motar ta zauna a garejin har lokacin, ba ta tsare masa komai ba. Na yi godiya. Har da godiya.

Ina da makulli biyu a aljihu, ina jiran jirgin 12:34.

Lahadi, 27 ga Oktoba, 5:00 na yamma

An mai da agogo baya da awa ɗaya. Darek ya ce mun ci ribar awa. Na nemi tawa ban gan ta ba.

Jiya ban gaya mata ba, yau na gaya mata. Ta yi dariya har sai da na ɗaga ta na shafa mata baya. Ta ce ta san irinsa, babanta ne sak, mutumin da ya taɓa kai ƙarar kansa don ya manta bai sayi tikiti ba. Sannan ta daina dariyar.

"Ka gaya masa dalili?"

Na hau gyara mata matasai.

"Dogo. Na auri baƙo don in huta da masu shiru, ka zo ka fi su."

Na ce sha biyu ga wata ba nisa. Ta dubi taga. Agwagi na kan ruwan. Ta ce haka ne, ba nisa.

Yau awa ɗaya da rabi kawai.

Talata, 29 ga Oktoba, 6:50 na yamma

Barci jiya, barci yau. Yanzu da duhu nake isa.

Sista Wiebke ta biyo ni har zaure. Ta ce ƙarfe uku Gesine ta tambaya ko na zo, ta sake tambaya uku da rabi. Ta gyara takardun da ke hannunta, waɗanda ba sa bukatar gyara, ta ce, "Herr Tukur, in kana da abin da za ka ce mata, ni dai ba zan ajiye shi sai Asabar ba."

Na ce na gode, Sista.

Na taɓa ɗaukar taksi sau ɗaya, makon farko. Ba abin da mai gugar zannuwan otal zai yi kullum ba ne.

Laraba, 30 ga Oktoba, 1:30 na rana

Na roƙi awa uku a wurin aiki na je ofishin rajista ba tare da an ba ni rana ba. Matar da ke tebur ɗin gaba ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Ta ce mutum biyu ba su da lafiya, ɗaya tana hutun haihuwa, ko lambar wucin gadi ta kwana biyar ma sai da rana. In riƙa duba waya bakwai na safe, wani kan fasa. Ta intanet ba zai yiwu ba, takardun motar tsofaffi ne.

Ita ma ban gaya mata ba. Na ce ina bukatar motar don aiki. Kowa a layin don aiki yake bukata.

Ba ta yi min laifi ba. Ina so in rubuta wannan don kada gobe in ƙara wa labarin gishiri. Ba wanda ya yi min laifi. Ƙasa ce da in ka faɗi a titi motar asibiti za ta zo cikin minti takwas, amma in kana faɗuwa a hankali sai ka nemi rana.

Alhamis, 31 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Hutun coci. Na wuni a can. Minti hamsin. Ta kira ni da sunan yayanta sau ɗaya, sannan ta gyara da kanta, ta ba ni haƙuri.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 4:05 na yamma, rumfar jiran bas

Na yi abin kunya.

Herr Brodersen ya kira. Wai ya samo abin kankare ƙanƙarar gilashi da bargon kujerar baya, ko ina so ko ya kai wa masu karɓar kayan sadaka. Agogon hannuna yana nuna huɗu saura biyar. Ina tsaye a rumfar nan, iska na shiga ta wuyana, na san a daidai lokacin Sista tana tafe da ƙaramin kofin.

Na ce masa ba bargo nake so ba. Na ce matata tana gidan bakin tafki, ya san irin gidan. Na ce tana farke daga biyu zuwa huɗu, ni kuma ina isa shida saura, motarsa minti talatin da biyar ce, kuma ya cire mata lamba. Na ce da ya bar ƙarfen nan biyu a jikinta mako biyu kacal, da duniya ba ta tashi ba. Na ɗaga murya. Wata mata mai jiran bas ta matsa can gefe.



Ya ce, "Na tambaye ka ko akwai gaggawa."

Na ce eh, ya tambaya.

Ya ce ya gane. Ya ce sai an jima. Ya kashe.

Na yi wa dattijo tsawa a kan laifina.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 5:15 na yamma

Jiya minti arba'in, yau awa ɗaya. Ba ta cin komai sai ɗan kankana da ake markaɗa mata. Lantana ta kira. Da sauƙi.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 6:30 na yamma, a gida

A gida. Ƙarfe shida da rabi, ina gida.

Muna fitowa ƙarfe biyu Darek ya zungure ni ya ce, "Tsoho, me ka yi? Ga mai karɓar haraji can yana jiran ka." Babbar motar ce a bakin ƙofar kamfani, Herr Brodersen a tsaye kusa da ita, da hula da taye. Sunan kamfanin ya tuna daga hirar da muka yi ranar gwaji. Ya buɗe min ƙofa. Bai ambaci Juma'a ba, ni ma na fara ba shi haƙuri ya ɗaga hannu.

Ya ce ya auna hanyar jiya, akwai biyu, ta gefen gonakin ta fi da minti uku.

Mutumin nan inda aka rubuta saba'in, saba'in yake yi. Ba saba'in da ɗaya ba. Wata tarakta ta shiga gabanmu, ya bi ta kilomita biyu don layin tsakiya bai yanke ba. Na cije leɓe har na ji gishiri. Uku saura kwata muka isa.

Idonta biyu. Ta dube ni, ta dubi agogon bango, ta sake dubana.

"Yau Asabar ce?"

Na ce Litinin ce.

Ta ce to an kore ni ke nan. Na ce a'a, na yi direba. Ta riƙe min yatsa biyu, hannun ba ya iya fin haka yanzu. Ba mu yi wata magana mai nauyi ba. Ta tambaya ko na shigar da tukwanen furenta daga baranda kafin sanyi ya kashe su. Na ce eh. Yanzu zan je in shigar da su.

Da na fito huɗu da kwata yana cikin mota da fulas ɗin kofi da jarida. Ya kawo ni har ƙofar gida. Na yi maganar mai, ya yi kamar bai ji ba. Ya ce gobe ƙarfe biyu.

Talata, 5 ga Nuwamba, 6:00 na yamma

Awa ɗaya da minti biyar. Na karanta mata jaridar unguwa, har da tallan kifi.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 6:20 na yamma

Ta ce sai an kawo mata mutumin. Na je na same shi a mota, ya ce bai shirya ba, bai zo da fure ba. Na ce umarni ne. Ya biyo ni, ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin, hula a hannu.

"Kai ne ka cire wa mijina lamba?"

"Ni ne, Frau Tukur. Bisa ƙa'ida na yi."

"Na sani. A goshinka aka rubuta. Shigo ka zauna, ba a ba da rana a nan."

Ya zauna a bakin kujera. Ta tambaye shi Marlies, ya ce malamar firamare ce, tsawonta kaza, ba ta taɓa yarda ya tuƙa motarta ba don wai yana ɓata mata madubi. Gesine ta ce ta yi daidai. Ta ce masa mijinta ba ya cin abinci a zaune in ba a tsare shi ba, kuma in ya ce ba komai, to akwai komai. Ya ce ya lura. Su biyu suna maganata da harshensu, ina tsaye kamar yaron da aka kai makaranta.

A hanyar dawowa, da muka kusa gari, ya sako maganar matarsa. Ya ce Marlies a asibiti ta cika, da rana, yana layin biyan kuɗin fakin don tikitinsa ya ƙare. Na ce Allah ya ba shi haƙuri, da Hausa, don ban sami na Jamusanci ba. Ya gyaɗa kai.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 6:10 na yamma

Jiya rabin awa. Yau minti ashirin.

Na faɗa mata abin da Sista ta ce kada in ajiye. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ta ce ta sani tun tuni, amma ta ji daɗi da na buɗe baki sau ɗaya ba a kan farashin firji ba.

Ta tambayi kalar motar. Na ce ruwan toka. Ta ce madalla.

Kwana biyar ke nan. Na ƙirga su a hanya: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Da bas ne, da babu ko ɗaya.

Asabar, 9 ga Nuwamba, 4:30 na yamma

Ba ta farka ba. Sista ta ce in kwana, sun kawo gado.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 11:40 na safe

An kunna kyandir a zaure.

Ina nan. Ban makara ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba, 3:00 na yamma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sai 22 ga wata za a kai ta. Shi ma sai da aka ba mu rana. A Malumfashi da yanzu an yi kwana ɗaya da rufewa, ana zaune a tabarma. A nan ni kaɗai ne da takardu a kicin.

Lantana ta kira, ta ce ya mai jiki. Bakina ya fara da kansa, har na ce "da", sannan na tsaya. Ta gane. Na ji ta tana kiran mutanen gida.

Ƙarfe biyu saura na tuna ban gaya wa Herr Brodersen ba. Na kira, yana bakin kamfani tun ɗazu. Darek ya riga ya fita ya same shi.

Talata, 12 ga Nuwamba, 4:40 na yamma

Na je. An ba ni rana, ban soke ba, kuma ban san me zan yi da safiyar ba.

Goma da minti ashirin daidai lambata ta fito a allo. Minti goma sha ɗaya aka gama komai. Matar ta tambaya ko ina da haruffan da nake so a lambar. Tun ranar da na ga motar na zaɓa a raina, harafin sunanta da nawa da shekarar aurenmu. Na ce a'a, ko wanne ya fito.

Na hau bas zuwa ƙauyensu da lambobin a leda. Ya buɗe gareji kafin in buga ƙararrawa. Baƙin taye ya sa yau. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya faɗi abin da suke faɗa, gajere. Muka durƙusa, shi gaba ni baya. Ya zo ya duba tawa, ya ce ta karkace kaɗan, ya gyara.

Na shiga, na naɗe ƙafafuna kamar ranar farko, na sa makulli. Ya ƙwanƙwasa gilashi. Na sauke.

"Ba za ka je aiki kullum a haka ba, Herr Tukur. Matsar da ita."

Na ce ba komai, zan iya.

"An gaya min abin da 'ba komai' ɗinka yake nufi." Ya gyara hularsa. "Wata bakwai ina shigowa garejin nan in ja ƙarfen nan, ban iya ba. Shi ya sa na sayar. Ka ja."

Na ja. Kujerar ta tafi baya har ƙarshe, ta yi ƙas. Ya juya yana duba shingen gidansa, wanda babu ganye ɗaya da ya fita layi.

Ya ce ran Lahadi ƙarfe uku yana shan kofi, kuma kek ɗin da ake sayarwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya ce a zaune ake ci a gidansa. Na ce zan zo. Ya ce ya rubuta.

Motar lafiya lau. Allurar mai ko motsi ba ta yi ba har gida. A mararrabar gonakin hannuna ya kunna sigina hagu da kansa, wajen tafki. Na kashe. Na bayana ya yi min hon, yana da gaskiya.

Tabaraunta na kan teburin kicin, a kan jaridar 9 ga Agusta, inda ta ajiye shi da safen da muka tafi asibiti. Wata uku ina cin burodi a tsaye don kada in ture shi. Yau na zauna a ɗaya gefen. Ban taɓa shi ba.

Gobe zan koma aiki. Ƙarfe biyu zan tashi. Ina da mota.